Jagora: Yadda Ake Bin Sawun Gajeriyar Walƙiyar Gamma Har Zuwa Tushenta

A ranar 15 ga Nuwamba, 2023, na'urar hangen nesa mai suna INTEGRAL, mallakar Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Turai, ta ga wata walƙiya ta hasken gamma, wato haske mafi ƙarfi wanda ido ba ya gani, wadda tsawonta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Daƙiƙa 13 bayan haka, sanarwa ta riga ta fita daga cibiyar tattara bayanan na'urar da ke kusa da Janeba zuwa ga masana taurari a duk faɗin duniya, ɗauke da wurin da hasken ya fito, kuma wurin ya faɗa daidai kan gungun taurarin da ake kira M82. An raɗa wa walƙiyar suna GRB 231115A (GRB gajarcen sunan irin wannan walƙiya ne a Turanci). Tambayar da ta biyo baya ita ce wadda ake yi duk lokacin da irin wannan ya faru: mene ne ya haska, kuma daga ina?

Wannan jagora ta bi matakan da ake bi wajen amsa tambayar, domin mai karanta rahoton irin wannan bincike ya iya auna nauyin hujjojinsa da kansa. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne cewa walƙiyar kanta ba ta isa ta faɗi asalinta ba. Abubuwa uku mabambanta suna iya haifar da gajeriyar walƙiya mai kama da juna: karon taurarin nutron guda biyu (wato ƙananan curarrun ragowar manyan taurarin da suka fashe), ko tumbatsar wani tauraron nutron mai tsananin ƙarfin maganaɗisu da ake kira magneta, ko kuma, a wasu lokuta ƙalilan, rushewar wani ƙaton tauraro. Abin da ke raba gardama shi ne nisa, da kuma abin da ya bayyana ko ya ƙi bayyana a sa'o'i da makonnin da suka biyo baya.

Mataki na farko: a tabbatar cewa daga nesa hasken ya zo

Iskar da ke kewaye da duniya tana shanye hasken gamma kafin ya iso ƙasa, shi ya sa dole na'urorin da ke gano shi su kasance a sama. Amma a can ma akwai abubuwa da dama da ke iya tayar da na'ura ba tare da wata fashewa ta auku a nesa ba. Rana tana yin nata tartsatsin. Gajimaren tsawa na duniyarmu yana harba gajeren hasken gamma zuwa sama, abin da aka fara ganowa a 1994 da BATSE, wata na'urar gano hasken gamma da ke kan wani tauraron ɗan Adam na Amurka. Ƙwayoyin zarra masu caji, musamman a yankin da ke saman kudancin Tekun Atlantika inda suke da yawa, suna bugun na'ura kai tsaye. Sannan akwai sanannun magneta a cikin gungun taurarinmu da kan yi ƙananan fashe-fashe akai-akai.

Saboda haka abin da za a fara dubawa a rahoto shi ne ko na'ura fiye da ɗaya ce ta ga abin. A kan tauraron ɗan Adam na Fermi, wanda aka harba a 2008, na'urar GBM tana da idanu 14 da ke fuskantar ɓangarori daban-daban, kuma ana bukatar aƙalla biyu su ga ƙaruwar hasken a lokaci guda kafin ta yi kururuwa. Idan wani tauraron ɗan Adam dabam, a wata falaki dabam, ya ga wannan haske a daidai lokacin, an kawar da yawancin shakku.

Mataki na biyu: a karanta suna da tsawon lokaci, amma kada a yanke hukunci da su

Sunan walƙiya kwanan watanta ne kawai: shekara, wata, rana, sai harafin da ke nuna ta nawa ce a wannan yini. Tsawon lokacinta kuwa ana bayar da shi da ma'aunin da ake kira T90, wato lokacin da na'ura ta ɗauka tana tattara kashi 90 cikin ɗari na hasken, bayan an yar da kashi biyar na farko da kashi biyar na ƙarshe.

Tun daga 1993, bayan nazarin bayanan BATSE, ake raba waɗannan fashe-fashe gida biyu a kan iyakar daƙiƙa 2. Waɗanda suka gaza haka gajeru ne, kuma galibi ana danganta su da karon taurarin nutron. Waɗanda suka zarce dogaye ne, kuma galibi daga mutuwar manyan taurari suke. Wannan rabo ya yi amfani ƙwarai, kuma har yanzu da shi ake fara aiki, sai dai an kama shi da kuskure ta ɓangarorin biyu. GRB 200826A ta ɗauki kimanin daƙiƙa ɗaya kacal, amma bayan kimanin wata guda sai na'urar hangen nesa ta Gemini ta Arewa ta ga alamar fashewar ƙaton tauraro a wurin. GRB 211211A kuma ta ɗauki kusan minti guda, amma hasken da ya biyo bayanta irin na karon taurarin nutron ne. A ganina duk rahoton da ya dogara ga tsawon lokaci shi kaɗai wajen faɗin asalin walƙiya ya yi gaggawa.

Akwai wani abu da ya fi T90 amfani a gajeriyar walƙiya, shi ne saurin tashin hasken. Abu ba ya iya haskawa gaba ɗayansa cikin lokacin da ya gaza wanda haske zai ɗauka ya ratsa shi, don haka tashi mai tsananin sauri yana nuna cewa tushen ƙarami ne. A walƙiyar GRB 200415A, bugun farko ya tashi cikin kashi 77 cikin miliyan na daƙiƙa, lokacin da haske ba zai yi tafiyar da ta wuce kimanin kilomita 23 ba, wanda kusan shi ne faɗin tauraron nutron guda ɗaya. Irin wannan tashi na farat ɗaya alama ce mai ƙarfi ta magneta.

Mataki na uku: a nemo wurin a sararin sama

Nan ne aikin ya fi wuya, domin hasken gamma ba ya lanƙwasuwa da madubi ko gilashi yadda hasken da ido ke gani yake yi. Hanyoyi uku ake bi, kuma ya kamata mai karatu ya san wadda aka yi amfani da ita, saboda ingancinsu ya sha bamban.

Hanya ta farko ita ce kwatanta ƙarfin hasken da ya faɗa a kan idanun da ke kallon ɓangarori daban-daban, kamar yadda GBM ke yi. Tana rufe kusan duk sararin da duniya ba ta kare ba, amma wurin da take bayarwa yana da faɗin digiri da yawa. Idan aka tuna cewa faɗin cikakken wata rabin digiri ne kacal, za a gane cewa a cikin irin wannan fili akwai gungun taurari dubbai, kuma babu dalilin ɗora laifin a kan ɗayansu.

Hanya ta biyu ita ce ta faifai mai huji-huji da ake kafawa a gaban na'ura. Hasken gamma yana wucewa ta hujojin ya jefa inuwa a kan na'urar, kuma daga yadda inuwar ta karkata ake lissafa inda hasken ya fito. Haka aka ƙera na'urar BAT da ke kan tauraron ɗan Adam na Swift, haka ma IBIS da ke kan INTEGRAL. Wannan hanya tana matse wurin zuwa ƙaramin da'ira wanda bai kai faɗin wata ba ko kusa, kuma ita ce ta ɗora GRB 231115A a kan M82.

Hanya ta uku ita ce auna bambancin lokacin isowar haske ga jirage masu nisa da juna. A ranar 15 ga Afrilu, 2020, hasken GRB 200415A ya fara isa ga jirgin Mars Odyssey da ke kewaya duniyar Mars. Bayan kimanin minti shida da rabi ya isa ga jirgin Wind, wanda ke da nisan kusan kilomita miliyan ɗaya da rabi daga duniya, sannan bayan daƙiƙa huɗu da rabi ya iso ga na'urorin da ke kewaya duniya. Da yake an san gudun haske, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, kowane jirage biyu suna zana zobe a sararin sama, kuma inda zobban suka haɗu nan ne tushen. A wannan karon mahaɗar ta faɗa kan gungun taurari na NGC 253, mai nisan tafiyar haske ta kimanin shekara miliyan 11.

Duk waɗannan bayanai ana watsa su nan take ta hanyar GCN, tsarin sanarwar da hukumar NASA ke gudanarwa, wanda a buɗe yake ga kowa. Wanda ke son bin wata walƙiya daga tushe sai ya nemi sunanta a can, ya karanta takardun masu lura ɗaya bayan ɗaya bisa jerin lokacin da suka fito, domin a nan ake ganin yadda fahimta take canzawa daga sa'a zuwa sa'a.

Mataki na huɗu: a nemi garwashin fashewar

Idan fashewa ta harba abu da gudun da ya kusa kai na haske, abin zai yi karo da siririyar iskar da ke tsakanin taurari, karon kuma zai haifar da haske mai dusashewa sannu a hankali, daga hasken X zuwa wanda ido ke gani har zuwa igiyoyin rediyo. Wannan shi ne garwashin da wuta ta bari. An fara ganin sa a watan Fabrairun 1997 ta hanyar tauraron ɗan Adam na BeppoSAX, shekara talatin bayan jiragen Vela na Amurka, waɗanda aka harba don sa ido kan gwajin makaman nukiliya, sun ci karo da walƙiyar farko a 1967.

Garwashi yana dusashewa da sauri, saboda haka aka ƙera Swift, wanda aka harba a 2004, ta yadda zai juya kansa da kansa cikin kimanin minti ɗaya ko biyu ya kafa na'urarsa ta hasken X a kan wurin. Da zarar an ga garwashin, an matse wurin zuwa ɗigo, kuma manyan na'urorin ƙasa suna iya karɓar aikin.

A nan akwai abin da masu karatu da yawa ke tsallakewa, wato rashin ganin garwashi shi ma sakamako ne, muddin an duba da wuri kuma da na'ura mai ƙarfi. Bayan GRB 231115A, an juya na'urar hangen hasken X mai suna XMM-Newton zuwa M82, sai ta ga iska mai zafi da sanannun taurarin da ke can tun da daɗewa, babu wani sabon abu mai dusashewa. Na'urorin ƙasa a tsibiran Kanari da Faransa su ma ba su ga sabon haske ba. Da karon taurarin nutron ne ya faru a wuri mai kusa haka, da haskensa ya cika idon kowace na'ura. Don haka idan rahoto ya ce ba a ga komai ba, a tambaya: bayan sa'a nawa aka duba, kuma wane irin ƙarfin haske ne na'urar za ta iya gani? Rashin gani bayan kwana uku da ƙaramar na'ura ba ya tabbatar da komai.

Mataki na biyar: a auna nisa, sannan a lissafa ƙarfi

Wannan mataki shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Na'ura tana auna hasken da ya iso gare ta ne kawai, kuma fitila ƙarama a kusa tana iya haskawa daidai da babbar wuta a nesa. Ƙa'idar ita ce haske yana raguwa da ninkin nisa sau kansa: idan aka ninka nisa sau goma, hasken da ke isowa zai ragu sau ɗari.

Ga yadda lissafin ke aiki. A ɗauka walƙiya ta fito daga wajen M82, mai nisan tafiyar haske ta kimanin shekara miliyan 12. Idan da gaske a cikin M82 take, ƙarfin da ta fitar ya yi daidai da na manyan tumbatsar magneta da aka sani. Idan kuwa tana can baya ne, a nisan da ya ninka wannan sau ɗari, ta faɗo a kan layin M82 bisa dace kawai, to ƙarfinta na gaskiya ya ninka sau dubu goma, kuma ta soma shiga sahun karon taurarin nutron. Haske ɗaya, bayani biyu, kuma nisa ne kaɗai ya raba su.

Idan an samu garwashi mai haske, ana tarwatsa shi zuwa launukansa a duba yadda layukan sinadarai suka karkata zuwa ja sakamakon faɗaɗar sararin samaniya, wanda ke ba da nisa kai tsaye. An fara yin haka da GRB 970508 a 1997, kuma shi ne ya tabbatar da cewa waɗannan fashe-fashe suna faruwa ne a nisan biliyoyin shekarun haske. Idan babu garwashi, sai a koma ga lissafin dace: mene ne yiwuwar da'irar kuskure mai wannan girma ta faɗa kan gungun taurari mai wannan haske ba tare da wata alaƙa ba? Ƙaramin da'ira a kan babban gungun taurari na kusa hujja ce mai ƙarfi. Babban fili mai ɗauke da ɗaruruwan ƙananan gungu kusan ba hujja ba ne. Rahoto nagari yana faɗin wannan adadi a fili.

Mataki na shida: a duba mazaunin

Irin gungun taurarin da walƙiya ta fito daga ciki yana ƙara haske. Magneta matasa ne, ƙarfin maganaɗisunsu yana lafawa cikin dubban shekaru kaɗan, don haka ana sa ran samun su inda ake haifar sababbin taurari da yawa. M82 da NGC 253 duka sun shahara da wannan. Taurarin nutron biyu kuwa suna iya shafe ɗaruruwan miliyoyin shekaru suna kewaya juna kafin su haɗu, kuma a tsawon wannan lokaci suna iya yin nisa da inda aka haife su, shi ya sa ake yawan samun karonsu a tsofaffin gungu ko a can gefe. GRB 230307A ta faru ne a nisan tafiyar haske ta kimanin shekara 120,000 daga gungun da ake ganin shi ne gidanta.

Mataki na bakwai: a tambayi masu jin girgizar sarari

Karon taurarin nutron yana girgiza sararin samaniya kansa, kuma na'urorin LIGO a Amurka da Virgo a Italiya suna iya jin wannan girgiza. A ranar 17 ga Agusta, 2017, sun ji ta, kuma bayan daƙiƙa 1.7 Fermi da INTEGRAL suka ga gajeriyar walƙiya, GRB 170817A. Bayan kimanin sa'a 11 na'urar Swope da ke ƙasar Cile ta gano sabon ɗigon haske a gungun NGC 4993, mai nisan shekarar haske kimanin miliyan 130. Wannan ne karon farko da aka tabbatar kai tsaye cewa karon taurarin nutron yana haifar da gajeriyar walƙiyar gamma.

Darasin da wannan lamari ya bayar game da haƙuri yana da muhimmanci. Walƙiyar ta yi rauni ƙwarai idan aka yi la'akari da kusancinta, kuma na'urar Chandra ba ta ga hasken X ba sai bayan kwana 9, igiyoyin rediyo kuma sai bayan kwana 16. Dalili shi ne harbin fashewar siriri ne, kuma bai fuskanci duniya kai tsaye ba, don haka sai da ya rage gudu ya bazu kafin haskensa ya iso gare mu. Saboda wannan, kafin a ce babu garwashi, dole a ci gaba da dubawa na makonni. Haka kuma, kafin a ɗauki shirun LIGO a matsayin hujja, a duba ko na'urorin suna aiki a wannan lokaci, kuma ko nisan da ake magana a kai yana cikin iyakar jinsu. A lamarin M82 nisan kaɗan ne ƙwarai, kuma ba a ji wata girgiza ba.

Mataki na takwas: a jira hasken ƙarshe

Kowane tushe yana da sa hannunsa na ƙarshe. Rushewar ƙaton tauraro tana bayyana a matsayin fashewar tauraro mai ƙara haske a hankali, wadda ke kai ƙololuwa cikin mako biyu zuwa uku, kamar yadda aka gani a fili bayan GRB 030329 a 2003. Karon taurarin nutron yana haifar da abin da ake kira kilonoba, haske mafi rauni wanda ke fitowa daga rugujewar sababbin sinadarai masu nauyi da aka ƙera a cikin karon, kuma yana saurin komawa ja har ya fice daga abin da ido ke gani zuwa hasken infared. A nan ne na'urorin Hubble da James Webb suke da muhimmanci. Hubble ta ga alamar farko ta irin wannan haske bayan GRB 130603B a 2013. James Webb kuma ta kalli wurin GRB 230307A bayan kwana 29 da kuma kwana 61, ta ga wani layi a cikin hasken da masu binciken suka danganta da sinadarin teluriyam.

Magneta tana da nata sa hannun, amma ba a iya karanta shi daga nesa. A manyan tumbatsa uku da aka gani a kusa da mu, wato ta 5 ga Maris, 1979 daga Babban Gajimaren Majalan (ƙaramin gungun taurari maƙwabcin namu), da ta 27 ga Agusta, 1998, da ta 27 ga Disamba, 2004, bayan walƙiyar farko an ga wutsiyar haske ta tsawon mintuna tana hawa da sauka daidai da juyawar tauraron, kowane daƙiƙa biyar zuwa takwas. Wannan wutsiya ita ce tabbatacciyar shaida, sai dai ta fi walƙiyar farko rauni nesa ba kusa ba, ta yadda a nisan M82 na'urorin gamma na yanzu ba sa iya kama ta. Shi ya sa masu bincike ke cewa GRB 231115A da GRB 200415A sun fi dacewa da tumbatsar magneta, bisa haɗuwar hujjoji: gajeren lokaci, wuri a kan gungun taurari na kusa mai haifar sababbin taurari, ƙarfin da ya yi daidai da na magneta a wannan nisa, da rashin garwashi. Ya dace mai karatu ya lura da wannan lafazi a rahoto, ya bambanta tsakanin tushen da aka gani da ido, kamar na 2017, da wanda aka kai gare shi ta hanyar kawar da sauran bayanai ɗaya bayan ɗaya.

INTEGRAL ta kammala aikinta a watan Fabrairun 2025, bayan fiye da shekara 22 a sama. A 2024 an harba sababbin na'urori biyu, Einstein Probe ta Sin da haɗin gwiwar Turai, da SVOM ta Sin da Faransa, kuma sanarwarsu tana shiga GCN kamar ta magabatansu. Wanda ya ga sabuwar gajeriyar walƙiya a can, ya fara da duba girman da'irar kuskuren, sannan ya duba ko akwai wani gungun taurari na kusa a cikinta, sannan ya dawo bayan kwana ɗaya, da mako ɗaya, da wata ɗaya, ya ga abin da na'urorin hasken X da na infared suka samu.